Littafin da Kaka Ta Ɓoye

Ranar da samarin Barcelona ke ba da fure, 'yan mata littafi, Anselmo ɗan Toledo, baƙo a garin, ya kai wa budurwarsa Meritxell furenta rumfar littattafan babanta. Ta miƙa masa wani tsohon littafi.

Ya jujjuya shi. "Bango na addu'o'in Sifaniyanci, ciki waƙoƙin harshenku na Katalan?"

"Haka Kaka ta ɓoye shi sanda aka hana harshenmu." Ta sunkuyar da kai. "Baba ya ce wanda ya kasa karanta shi, ya haƙura da ni."

Baban ya kafe shi da ido. Anselmo ya karanto baiti ɗaya da kyar.

"Ka kashe waƙar nan murus," in ji tsohon, yana share ƙwalla. "Jawo kujera, ɗana. Sake daga farko."