Bindigar da Dangi Suka Haɗu Suka Saya

Kepas ya rasa inda zai sa kansa. Dattawan danginmu, a nan tsaunukan Enga na ƙasar Papuwa Niugini, sun yanke cewa kowane gida ya kawo alade ɗaya, a haɗa a sayi bindigar soja. Rigimar gonar kofi da mutanen tsallaken rafi ta sake tashi, kuma an ce su tuni sun sayi tasu.

To, matar Kepas, Lenda, 'yar tsallaken rafin ce. Ba ita kaɗai ba, rabin matan ƙauyenmu daga can aka auro su.

Yayarsa Dorkas ta same shi a bayan gida. Ita ce ke jan matan coci kasuwa-kasuwa suna roƙon mutane su daina sayen bindiga, har an sa mata suna rediyo.

"Kai Kepas, ka san mai kawo ta?" in ji ta. "Mutumin nan mai motar shinkafa, a cikin buhuna yake ɓoye su. Yau yana wajenmu, gobe yana wajensu. Shi ya ce musu mun saya, shi ya ce mana sun saya."

"To ya zan yi, Yaya? In na hana, a ce na bi bayan surukai. Ran da aka ƙona min gida, wa zai tsaya min?"

"In ka bayar fa, wa za a harba?"

Da yamma tsoho Tumbiyam, babban dangi, ya zo da kansa.

"Haba ɗana, mace ce za ta koya maka tsaron ƙasa? Ai ba harbi za mu yi ba. Su ji muna da ita kawai, su shiga hankalinsu."

Kepas ya ji wannan ma magana ce. Ta Dorkas ma magana ce. Ya kwana yana juyi, da safe ya ja aladensa ya kai.

Bindiga ta iso. Abin dariya, duk ƙauyen ba wanda ya iya sarrafa ta! Mu baka da kibiya muka sani. Sai aka ɗauko hayar wani maharbi daga wani gari mai nisa, aka girke shi a kan tudun da ke kallon rafi.

Ana cikin haka aka aiko wa Lenda cewa mahaifiyarta ba lafiya. Ta cika jakar saƙa da dankali, ta rataya a goshi.

"Ki bari ƙura ta lafa," in ji Kepas.

Ta yi dariya. "Maigida, yau ka fara ganin faɗa? Ina yarinya uwata ke ratsa tsakiyar filin daga, maza su sauke baka har ta wuce. Can yayyena ne, nan mijina. Wa zai taɓa ni?"

Gaskiya ta faɗa. A wajenmu macen da ke da jini a ɓangare biyu ba a tare mata hanya, kuma kowa ya san fuskar kowa. Kepas ya tuna da baƙon da ke kan tudu, zuciyarsa ta ce ya je ya gaya masa. Wata zuciyar ta ce ai dattawa sun riga sun yi masa bayani. Dattawan kuwa ko a ransu bai zo ba, don ba su taɓa ganin mutumin da sai an gaya masa wannan ba.

A hanyarta ta dawowa, tana tsakiyar rafi, bindiga ta tashi.

Da aka ritsa maharbin, kafaɗa ya ɗaga. "Cewa kuka yi duk wanda ya ƙetaro. Ni ina na san matar wa ce?" Kafin gari ya waye ya gudu.

Mun shafa taɓo a fuska muna makoki, sai ga saƙo daga yayyen Lenda: da an binne ta suna tafe ɗaukar fansa. Dorkas ta kwashe 'ya'yan Kepas da Lenda su uku ta bi daji da su, don gidan ubansu ba tsaro, gidan kawunnansu ba hanya.

Tumbiyam ya durƙusa kusa da Kepas. "Ɗana, sai haƙuri. Amma surukanka na zuwa, harsashi kuma ya yi ƙasa. Mai motar shinkafa ya ce zai iya kawowa gobe."

Kepas ya juyo gare shi.

"Baba, fahimtar da ni, wallahi kaina ya ɗaure. Mu muka kashe ta. Masu zuwa kashe ni, kukan da nake yi su ma shi suke yi. To wa zan harba?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. Har yau ba wanda ya ba Kepas amsa.

Jama'a, bindigar fasa-ƙwauri ba ta san suruki ba, ba ta san uwar 'ya'ya ba. Kada ku sa ko ƙwandala a sayenta, kuma in kun san mai shigo da ita, ku tona shi tun kafin ta tashi a kan naku.