Mutum na Shida

Tun da Tanimu ya hango mahaifiyarsa a bakin lungu da ƙunshin kaya a ka, ya san zuwan nan ba zai ƙare lafiya ba.

Shekarar da birni ya haɗiye unguwarsu aka kafa wa kowace ƙofa fitila mai ƙirga masu kwana. Gidan da ya wuce mutum biyar, masauki ne a wurin hukuma, harajin masauki kuwa shi ya tashi maƙwabtansa. A gidan Tanimu kuwa su biyar ne cif.

Inna na sa ƙafa a zaure, fitilar ta yi ja.

"Wannan kuma fa? Gaisuwa take yi?"

"Gaisuwa ce, Inna. Sannu da hanya."

Matarsa Kande ta kawo ruwa, sannan ta ja shi gefe. "Malam, a tura babban yaronmu gidan kawunsa mana."

"Su ma ƙofarsu ta cika. Kuma ɗana ba zai kwana a titi ina raye ba."

Bayan magariba ya naɗe bargo, ya ce wai aikin gadi ya samu. Yana fita, fitilar ta koma koriya.

"Ɗan nan," Inna ta kira shi daga zaure, "ka yi haƙuri da ni. Gonar ma sun auna ta, harajin ya fi ƙarfina. Na zo ke nan."

A ƙarƙashin gada ya tarar da magidanta a jere, kowa da bargonsa, ba mai kallon wani. Ɗaya ya matsa masa.

Bai san ranar da zai sake kwana a gidansa ba.