Tsinke a Cikin Burodi

Haƙorinta ya ci karo da abu mai tauri a cikin burodin.

Duk ƙarshen Oktoba, kamar kowane gida a ƙasar Ailan, mahaifiyarta kan gasa burodin busasshen inabi, ta ɓoye abubuwa a ciki. Wadda ta tsinci zobe, aure ya kusa. Wadda ta tsinci tsinke, miji zai doke ta.

Tsinke ta tofo.

"Suruki, asirinka ya tonu!" in ji ƙaninta.

Mijinta ya fi kowa dariya, yana murɗe mata gwiwa a ƙarƙashin tebur. Ta ja hannun riga ta rufe tabon duka.

Mahaifiyar ba ta yi dariya ba. Ita ta yanka burodin, ita ta zaɓa mata yankin da ta ci.

"'Yar nan, cire takalminki. Yau a gida za ki kwana."