Hukuncin Da Ya Iso Bayan Yaya Tukur

Yaya Tukur, da kana raye yau da ka yi dariyar nan taka har ka riƙe ciki. Wai ni Lawwali, ƙaninka mai tuƙa Keke Napep, wanda ya bar makaranta a aji uku, ni ne na zauna a tsakiyar lauyoyi har aka miƙo mini ruwan sanyi.

Tsohon maigidanka, Barista Gambo, shi ya aiko in zo in kai shi taron wata-wata na ƙungiyar lauyoyin jiha. Da muka isa na ce zan jira a waje, ya ce, "Kai, rufe keken nan ka biyo ni." Muka shiga. Sakataren yaɗa labarai ya miƙe yana karanto wa mambobi abin da ke sabo. An canja wa wani alƙali wurin aiki. Za a yi bita kan shigar da ƙara ta kwamfuta. Za a buga ƙwallo da likitoci, sai wani ya ce to a taho da likitan ƙashi tun daga gida. Ana cikin dariya, sai na ji sunan Kawu Ilu.

Yaya, nan na kasa kunne. Ka san tun rikicin iyakar gonar nan Kawu Ilu, ƙanin Inna, ke tsare a gidan yari, ba a yanke masa hukunci ba, ba a ma saurare shi ba. Kai da kake lauyansa, ka nemi a sake shi aka hana, ka ɗaukaka ƙara, kuma a hanyar dawowa daga kotun mota ta kife da kai. Mu a gida mun ɗauka tare da kai aka binne maganar. Inna ta daina ambatonta, sai dai ta daka fura ta ba ni in kai masa.

Da Turanci sakataren ya karanta, mai nauyi, irin wanda ba ya shiga kunnena. Kawai na ga zauren ya ɗauki tafi. Wani na dukan tebur. Wata lauya a bayana ta miƙe tana cewa, "Wallahi ina da mutane irin haka a ciki, gobe da ni za a buɗe kotu!" Na ja hannun rigar tsohon na ce, "Baba, mun ci ne ko an ci mu?" Ya ce, "Kawunka zai fito, ɗan nan. Amma ba shi kaɗai ake wa tafin ba. Matso ka ji wani misali."

Ya ce wasu matafiya ne suka iso bakin kogi a tsakiyar damina, da jakuna da mata da kayan aure a ka. Mashigin da suka sani ruwa ya cinye shi. Suka zauna a kan rairayi, kowa na kallon kowa, gari kuwa ga shi can ƙetare har ana hango hayaƙin girki. Sai wani daga cikinsu ya naɗe wando, ya ɗauki sanda, ya shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu. Ya taka rami ya nutse har wuya, ya ja da baya, ya karkata wajen wata tsamiya, ya sami tudun yashi a ƙarƙashin ƙafa. A haka, yana faɗuwa yana tashi, har ya kai gaɓa. Ya hau, ya shige cikin itatuwa, ba su ƙara ganinsa ba.

Na baya suka fara kuka, suna cewa ya tafi ya bar su. Wata tsohuwa ce ta ɗaure zaninta ta ce kukan me, ai idonsu na kansa tun shigarsa har fitarsa. Sun ga inda ya nutse, sun ga inda ruwan ya tsaya masa a ƙugu. Ta kama hanyar tsamiya, saura suka bi ta a jere, jakuna na huci, yara a kafaɗa. Kafin la'asar babu wanda ya rage a kan rairayi. Ayarin da ya zo washegari ma bai san wa ya fara shiga ba, sawu kawai ya gani ya bi.

Barista Gambo ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Babbar kotu ta yarda da hujjar yayanka. Shi ya sa ake karanta mana, don duk lauyan da ke da mutum a tsare irin haka ya san inda zai sa ƙafa."

Yaya, ban san yadda na tuƙo keken nan zuwa gida ba. Fasinja na ɗaga hannu ina wucewa, ina dariya, hawaye na shiga mini baki. Ga ni yanzu a ƙofar gida, ina jin ƙarar turmin Inna daga ciki. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko ita. Na ce kai za ka fara ji, tunda kai ka fara shiga. Allah ya haskaka kabarinka. Ashe ba banza Bahaushe ya ce ba: daga na gaba ake gane zurfin ruwa.