Marini da Takardar Baitulmali

Kai da ke cewa bashin gwamnati bai shafi wanda bai ranta mata ba, gyara zama ka ji.

A wani gari an yi wani marini da ya gaji marina tun daga kakanni. Duk kaka wani attajiri ke ba shi jari ya sayi baba da farin ƙyalle, in ya rina ya sayar su raba riba. Wata shekara baitulmalin ƙasar ya rame. Gwamnati ta fito da takardun lamuni, ta ce duk wanda ya ranta mata zai karɓi kuɗinsa da ƙari mai tsoka. Da marini ya je karɓar jari, sai attajiri ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Kai kana iya kwanciya ciwo, rini na iya ɓaci. Gwamnati kuwa ba ta ciwo. In za ka ba ni fiye da abin da take bayarwa, bismillah." Marini ya san ko kwana zai riƙa yi a bakin rijiya ba zai fitar da wannan riba ba. Ya zaga gidajen masu hali, ko'ina amsa ɗaya. Rijiyoyin rini suka bushe har suka tsage. Masaƙin da ke kawo masa ƙyalle ya naɗe zarensa. Ƙarshe marini ya sayar da filin marinar, ya tafi birni yin dako, shuni bai ma gama barin hannuwansa ba.

Attajiri ya ranta wa gwamnati kuɗinsa, ya adana takardarsa, hankali kwance. Amma da sana'o'i suka mutu, haraji ya ja baya, baitulmali ya ƙara ramewa. Sai gwamnati ta sake fito da sababbin takardu, ribarsu ta ninka ta farko. Ana cikin haka mahaifiyar attajirin ta kwanta, likita ya ce sai an yi aiki. Ya ɗauki takardarsa ya shiga kasuwa neman mai saye. Kowa ya duba sai ya ce, "Alhaji, wa zai sayi tsohuwa ga sabuwa mai riba biyu?" Dole ya karyar da ita. Abin da ya samu bai kai kuɗin aikin ba, domin kafin nan farashin komai ya tashi. Tsohuwa ta cika yana tsaye a bakin asibiti yana neman ciko.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.