Maƙerin da Ya Hana Gari Watsewa

Tun da ka ce furfura ta hana ka koyon abin zamani, gyara zama in ba ka misalin wani tsohon maƙeri.

A wani ƙauye na bakin daji yake, inda mutane ke kwana da ido ɗaya saboda mahara. Yana da 'ya da ke karatun sararin samaniya a jami'a. Da ta zo hutu sai ta sa masa wata manhaja a waya, ta zaunar da shi a tsakar gida ta koya masa. In ya ɗaga wayar sama bayan faɗuwar rana, za ta nuna masa taurarin ɗan'adam, wato na'urorin da mutane suka ƙera suka harba sama, ta faɗi lokacin da kowanne zai ɓullo da hanyar da zai bi. Hannun da ya saba da guduma bai ji daɗin gilashin waya ba. Ya danna nan ta buɗe can, ya yi tsaki ya ajiye, ya sake ɗauka, 'yar tana dariya tana maimaita masa har ya iya. Abin kuwa ya shiga ransa, don shi mutumin ƙarfe ne, ya kasa daina mamakin a ce ƙarfe ne ke yawo can sama babu igiya babu ginshiƙi. Ko bayan ta koma makaranta, in ya kashe wutar maƙera sai ya hau tudun bayan gari inda ake samun sabis, ya yi ta bin ɗigon haske da ido. Masu dawowa daga gona suka riƙa cewa tsufa ya taɓa maƙeri, ya bar zugazugi ya koma kiwon taurari. Yana ji, ya ci gaba da hawan tudunsa.

Ana nan sai kaka ta yi, gero ya nuna, ana shirin girbi. Wata rana ana fitowa daga sallar magariba aka ga jerin fitilu sun taso daga yamma, ɗaya na bin ɗaya kamar 'ya'yan carbi, suka ratsa saman gari shiru babu ƙara. Kafin gari ya waye magana ta yi fiffike. Wasu suka ce alamar mahara ce, wasu suka ce jirage ne ke auna garin za a yi masa ruwan wuta. Mata suka fara ƙulle kaya, maza suka ɗaura wa shanu amalanke, aka yanke shawarar barin gari, gero kuwa ya zama rabon tsuntsaye da ɓarayi. Maƙeri ma ya ga fitilun, ya kuma tsorata kamar kowa. Amma da ya hau tudunsa washegari ya duba waya, sai ya tarar da su a jere a ciki: sababbin taurarin ɗan'adam ne da aka harba tare, ba su riga sun rarrabu ba, kuma a yammacin nan za su sake wucewa. Ya sauko ya nufi ƙofar mai gari, inda dattawa ke zaune kowa ya yi tagumi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni yinin yau. Tsakanin magariba da isha'i za su fito ta kan kukar makabarta, su bi ta saman rijiya, su ɓace ta gabas. In ba haka ba, ni zan fara ɗora wa jakina kaya." Mai gari ya tuna shekarun da mutumin nan ya yi yana ƙera musu fartanya bai taɓa saɓa alkawari ba, sai ya ce a sauke kaya a jira.

Da aka idar da magariba duk gari ya hallara a fili, har masu goyo. Maƙeri ya tsaya a gaba, waya a hannu. Ya san in abin ya saɓa, ba sunansa kaɗai zai zube ba, ya kuma jawo wa mutane ƙarin kwana cikin hatsari. Wani ɗan gajimare ya tokare yamma, aka fara gunaguni, wasu har sun juya za su koma ga amalankensu. Can sai ga haske ya leƙo daidai kan kukar, wani ya biyo shi, wani ya biyo. Tsoho ya ɗaga hannun nan nasa mai tabon wuta yana nuna musu hanya tun kafin fitilun su isa, su kuma suna bi kamar tumakin da suka san makiyayinsu, har suka ɓace ta gabas. Mai gari ne ya fara magana, ya ce abin da zai cuce ka ba ya aiko maka da lokacin zuwansa, kowa ya koma gida ya wasa magirbinsa. A daren nan maƙeri ya kira 'yarsa ya ba ta labari, ya ce mata yau karatunta ya ciyar da gari. An yi girbi lafiya, rumbuna suka cika, waɗanda suka yi masa dariya kuma suka koma binsa kan tudu da yamma, kowa na miƙo wayarsa a sa masa manhajar.

Ka ga fitilun da suka kusa tashin gari su ne aka koma kallo ana nishaɗi, alhali babu abin da ya canja a sama. Shi ya sa masu iya magana suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.