Lambar Kunnen Maraƙi

Kitse na ɗiga kan garwashin tsakiyar tebur lokacin da idona ya faɗa kan allon bango. Manyan gidajen gashin nama na birnin Osaka, a nan Japan, sukan rubuta lambar dabbar da ake ci a ranar. Ban yi nisa a karatu ba, amma lambar nan na san ta kamar yunwar cikina. Ni na maƙala ta a kunnen maraƙin da matata ta shayar da kwalba, wata uku kafin rasuwarta.

"Baba, ci mana," in ji 'yata. "Minti casa'in suka ba mu, kowa ya ci iya cinsa."

Na ajiye tsinkayen cin abinci. "Tashi mu tafi. Ku 'yan birni komai nama ne a wurinku. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Ba zai hango ba. Na haddace, Baba." Ba ta ɗago ba, tana ta juya nama. "Shekara biyu ina bin lambar nan, daga kasuwa zuwa gidan kiwo har mahauta. Aikin hannun Mama na ƙarshe ke nan. In mun tashi, baƙi za su cinye."

Sai lokacin na lura faranti uku ne a teburin. Ta ɗora tsokar farko a na ukun, gaban kujerar da babu kowa.

Na sake ɗaukar tsinkayena. Agogo kuwa bai tsaya ba.